Gwaggo Sitati da Tabon Ruwan Inabi

A ƙarshen layin, bayan shagon mai faci, akwai wani gida da ba a ganin bangonsa sai ranar Lahadi. Sauran kwanaki igiyoyin shanya ne ke rufe shi, daga taga zuwa bishiya, daga bishiya zuwa ƙusa. Nan Gwaggo Sitati take, mai wanki da guga. An ce sunan ya samo asali ne daga kwalar riga, wadda take zuba wa sitati har ta kusa yanka wuyan mai ita. Waɗanda suka taɓa yin musu da ita sun ce ba don kwala kaɗai aka sa sunan ba.

Shekara arba'in da ɗaya tana wanke fararen ƙyallayen teburin Ubangiji na coci biyu: na Katolika da ke kan tudu, da na Furotesta da ke gefen kasuwa. A duk shekarun nan ba ta taɓa cin abin da ake ɗorawa a kan ƙyallayen ba, ko ɓarɓashi. Kuma shi ne abin da take so a duniya. Ba ta roƙi gidan sama ba, ba ta roƙi sababbin haƙora ba, ko da yake bakwai suka rage mata. So take ta ci Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci, sau ɗaya kafin ta bar duniya.

Yadda aka yi kuwa, 'yar dattijon cocin gefen kasuwa ce. An yi mata baftisma, aka nutsar da ita a ruwa tana shekara goma sha biyar, ta fito tana tari, aka ce Ruhu ne. Tana cikin 'yan waƙa har ta ga wani magini mai faɗin kafaɗa, ɗan Katolika, ta aure shi a cocinsu. Dattawa suka zauna, har da ubanta, suka sa ta a horo: bencin baya, ba jibi, sai ta tuba. Da ta tambaya yadda ake tuba daga miji, aka ce ta je ta yi addu'a.

Maginin ya yi shekara ashirin yana ba ta dariya da haushi, sannan ya rasu. Ta ce to, an binne zunubin, a buɗe mata hanya. Sai dattawa suka ce ai yanzu maganar ta canza, tana wanke kayan masu durƙusa wa gumaka. Fasto shida aka yi a cocin, kowanne ya gaji horonta kamar yadda ya gaji yoyon rufin ofis, ya ajiye bokiti ya ci gaba da harkarsa. Amma duk Litinin sai an aiko mata da ƙunshin ƙyallayensu, don ba mai fitar da fari irin nata. Hannun da bai isa ya taɓa gurasa ba ya isa ya wanke mayafinta.

A kan tudu ma ba ta tsira ba. Wata tsohuwar Sista ce ta koya mata aikin tun tana amarya. Ƙyallen da Fada, limamin cocin, ke goge kofin jibi da shi ba a jefa shi cikin wanki haka kawai. Sai an fara jiƙa shi a kwano na musamman da ruwa zalla, a ɗauraye, sannan a kai ruwan a zuba a ƙasa, inda ƙafa ba ta takawa. Ba a zuba shi a kwata, don a wurinsu abin da ya taɓa ƙyallen ba inabi ba ne kuma, jinin Ubangiji ne. Ba a sa masa sitati, don ya iya shan ruwa. Ana ninke shi gida uku. Gwaggo ta riƙe wannan fiye da yadda Sistar ta riƙe. Ta haƙa ɗan rami a kusurwar gida ta kewaye shi da bulo, jikan da ya taka wurin kuwa ya san abin da kunnensa ya ji.

Sau uku tana shiga ajin masu son zama Katolika, sau uku Katikis, malamin ajin, yana sallamar ta. Bakinta ne ya jawo.

"Malam Katikis, ina da tambaya."

"Gwaggo, ki bari sai ƙarshen darasi."

"Zan manta. Jini ruwan sanyi yake so, in ka sa masa na zafi ya zauna ke nan. Tabon ƙyallenku kuwa gishiri da ruwan zafi ke fitar da shi. Yaya ke nan?"

Katikis ya gyara tabarau. "Kamanninsa na inabi ne, Gwaggo. Ainihinsa ne ya canza."

"To ni wanne nake wankewa, kamannin ko ainihin?"

'Yan aji suka fashe da dariya, ya ce ta je ta dawo baɗi. Ita kuwa ba ba'a take ba. Mai aiki ce, tana son sanin abin da ke hannunta. Tsohon Fada, mutum mai taushin hali da nauyin kunne, ya taɓa jan ta gefe ya ce akwai doka da ta yarda a ba da jibi ga wanda ba nasu ba, in yana bakin mutuwa.

"To Fada," in ji ta, "a riƙa leƙo ni."

Autarta, malamar makaranta, ta gaji da ganin uwarta tana zaman ɗan kallo. Ta ce, "Inna, ki bar waɗannan tsofaffin. Ki zo wurinmu, teburinmu a buɗe yake ga kowa."

Wurinsu wani ɗaki ne a saman shagon kujeru, inda masu cewa sun waye suke taruwa. Ba mumbari, ba benci, an jera kujerun roba a da'ira kamar za a raba gado. Shugabansu ya ce kada a kira shi Fasto, a ce masa Ɗan'uwa, ko da yake shi kaɗai ke da kujera mai hannu. Gwaggo ta je da wankakken zane da jerin laifuffukan da ta yi shekaru tana tarawa.

"Ɗana, a ina ake faɗin zunubi?"

"Mama, a nan ba ma cewa zunubi. Rauni muke cewa."

"Rauni? Ai ni ce na ji wa mutane."

Ya yi murmushi irin na likitan yara. Aka zagayo da faranti, biskit da lemon kwalba. Ɗan'uwa ya ce kowa ya ɗauka da ma'anar da ta kwanta masa a rai, wanda bai da ma'ana ma ya ɗauka. Gwaggo ta duba ƙarƙashin farantin. Takardar goge baki aka shimfiɗa, wadda za a dunƙule a jefa kwandon shara. Ta miƙa wa na kusa da ita ba ta taɓa ba.

A kan matakala autar ta ce, "Haba Inna! Shekara nawa kina nema, an ba ki kin ƙi?"

"Cocin da ba shi da wanki? Ki rufa mini asiri."

Gaskiyar da autar ba ta gane ba, ita Gwaggon ma ba ta faɗa wa kanta ba, ita ce ba jibi kawai take so ba. So take waɗanda suka hana su miƙo da hannunsu.

Ana nan sai aka kawo Fasto na bakwai, yaro sabon jini, takalmi mai tsini, digiri biyu. Ya tarar matasa suna sulalewa zuwa kan tudu, har mai kaɗa gangar coci ya bi wata yarinya can. Sai ya shirya wa'azin mako huɗu a kan kuskuren Katolika. Mako uku ya yi yana jefa ayoyi da kalmomin da ya biya kuɗin makaranta ya koyo, jama'a suna gyangyaɗi. Ranar Talata ta mako na huɗu ya sunkuyo ta ƙarƙashin igiyoyin Gwaggo, wani jiƙaƙƙen zanen gado ya mare shi a fuska.

"Sannu da aiki, Mama."

"Yauwa, ɗana Fasto. Kauce daga nan, inuwarka na hana kaya bushewa."

Ya zauna a kan turmi. Ya yi zagaye-zagaye, ya tambayi ƙafa, ya tambayi baya, sannan ya zo kan magana.

"Mama, ke kaɗai ce a garin nan kika taɓa abin nan da hannunki. Shekara arba'in. Kin taɓa ganin jini a ƙyallensu?"

"Sau ɗaya. Fada ya yanke da aska."

"Ban da wannan."

"Tabon inabi ne."

Fasto ya tafa hannu. "Shi ke nan! Ranar Lahadi ki tsaya gaban jama'a ki faɗi haka. Na yi magana da dattawa. Kina sauka za a ɗage horon, a ranar za ki ci jibi."

Gwaggo ta ajiye dutsen guga a kan murfinsa. Ta daɗe tana kallon gawayin da ke ci a ciki. Ta tuna Sistar da ta kama hannunta ta nuna mata ninki uku, ta tuna tsohon Fada da bai taɓa ƙirga ƙyallayen da ta mayar ba. Ta kuma tuna cewa bana sai da ta huta sau biyu kafin ta kai kan tudu.

"Abin da na gani kawai zan faɗa?"

"Shi kaɗai, Mama."

"To."

Ranar Lahadi coci ya cika har taga, don labari ya zaga cewa mai wankin Fada za ta tona asiri. Aka taso ta daga bencin baya, bencin da ya lotsa daidai zamanta. Ta bi tsakiyar coci a hankali, tana duban kwalar mutane, rabinsu aikinta ne. A gaba an rufe tebur da babban ƙyallen da ta goge ranar Juma'a, a ƙarƙashinsa ana ganin tudun faranti da ƙananan kofuna.

Fasto ya riƙe mata makirufo. "Mama, gaya wa 'ya'yan Allah. Me kike gani a ƙyallen Katolika?"

"Tabon ruwan inabi."

"Ba jini ba?"

"Wankin inabi nake masa, yana kuma fita."

Coci ya ɗauki tafi. Wata mata ta yi guɗa. Fasto ya ɗaga hannu sama kamar shi ya ci ƙwallo. Da a nan aka tsaya, da Gwaggo ta ci jibinta ta koma gida. Amma akwai Dattijo Mai Agogo, wanda bai taɓa barin taro ya watse bai sa baki ba. Ya miƙe, ya duba agogonsa, ya ce yana da 'yar ƙaramar tambaya don a cika shaida.

"Gwaggo, mun ji kina yi wa nasu wani tsafi, kwano daban, rami daban. Namu fa, yaya kike wanke shi?"

"Haka nan."

"Haka nan yaya?"

"Yadda nake yi wa nasu. In jiƙa, in ɗauraye, in kai ruwan rami."

Tafin ya mutu. Mai Agogo ya matso. "Wane ramin?"

"Rami nawa gare ni? Gidan haya ne fa."

"Kwanon fa?"

"Kwano ɗaya ne, Dattijo. Na ga duk sunan mutum ɗaya kuke kira a kai. Su sun ce shi ne da kansa, ku kun ce tuna shi ake yi. Ni ban yi makaranta ba. Na ce in su ne da gaskiya, ban zuba shi a kwata ba. In ku ne da gaskiya, ban-ruwa na yi wa ƙasa, ba wanda ya mutu."

"Shekara nawa kina haka?"

"Tun kana zuwa coci ba wando."

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa a tsare. Matar Mai Agogo ta ce dama ta daɗe tana jin ƙyallen yana warin turare. Wani ya ce ashe shekara arba'in suna cin jibi a kan Katolikanci ba su sani ba, a sake musu baftisma. Fasto ya kashe makirufo. Aka yi jibi a ranar a kan tebur tsirara, Gwaggo tana kallo daga bencinta.

Kafin azahar magana ta hau tudu. Litinin da safe Katikis ya iso, yana huci.

"Gwaggo, da gaske ne kin haɗa abu mai tsarki da lemon 'yan bidi'a a kwano ɗaya?"

"Ba ka ce ainihi ba ya fita da wanki ba?"

"Ban ce haka ba!"

"To me ka ce? Sau uku ina tambayarka."

Ya tattara ƙyallayensu, har da jiƙaƙƙu, ya tafi suna ɗiga a takalminsa. Na gefen kasuwa ma ba su aiko ba. A karo na farko tun tana amarya, Litinin ta yi ba farin ƙyalle a igiyarta. Ta wanke zannuwan gadon otal da rigunan 'yan makaranta, ta yi wa maƙwabta faɗa a kan abin da bai kai ba, ta kuma daina kallon kusurwar gida.

Mako uku aka yi. A kan tudu Katikis ya ce shi zai yi da kansa, ya zuba sitati don a ga ƙwazonsa, har ƙyallen ya ƙi shan ko ɗigo, Fada yana goge kofi kamar da kwali. Ba su dawo wurin Gwaggo ba dai, Katolika ba sa gaggawa, suna iya shekara ɗari suna nazari. A gefen kasuwa matar Mai Agogo ce ta karɓi aikin. Ta haɗa babban ƙyallen da jan ɗankwalinta a baho ɗaya. Ya fito kalar cikin kankana.

A makon ne kuma takarda ta zo cewa Shugaban cocin na yanki zai kawo ziyara ranar Lahadi, zai kuma ba da jibi da hannunsa, a kan babban ƙyallen nan, wanda marigayiya uwarsa ta ɗinka wa cocin.

Ranar Alhamis Fasto ya sake sunkuyowa ta ƙarƙashin igiya, da ƙunshi a hammata.

"Mama, ki taimaki ɗanki."

Ta buɗe, ta duba, ta rufe. "Wa ya rasu?"

"Zai fita?"

"Zai fita. A hannuna."

"Allah ya yi miki albarka."

"Amin. Ajiye albarkar a nan, ka je ka kawo mini ɗayan abin."

"Mama, dattawa ba sa zama sai ƙarshen wata."

"Ƙyallen ma ba ya fita sai ƙarshen wata."

Dattawa suka zauna a yammacin nan. Horon da aka yi shekara arba'in da ɗaya ana cewa sai an yi dogon bincike da addu'a, an ɗage shi kafin shayin da aka kawo musu ya huce. Aka rubuta cewa an ga alamun tuba. Gwaggo ta yi kwana biyu a kan ƙyallen, jiƙo, rana, jiƙo, rana, har ya koma fari fat.

Ranar Lahadi ta zauna a benci na uku, ta rasa inda za ta sa ƙafa don ba ta saba da kusa ba. Shugaba ya shafa ƙyallen uwarsa ya yaba. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, dattawa suka ɗauki faranti suka bi layi. A cocin nan kowa a zaune yake karɓa, ya riƙe a hannu, sai an ce a ci, sannan a ci tare. Gwaggo ta san haka tun tana yarinya. Amma daga bencin baya ƙeyar mutane kawai ake gani. Inda ta ga yadda ake karɓa da idonta shi ne kan tudu, duk Lahadi da sassafe, tana tsaye bakin ƙofar gefe tana jiran a miƙo mata wanki.

Mai Agogo ne ya zo layinta. Da farantin ya iso gabanta, jikinta bai yi shawara da ita ba. Ta zame daga benci, gwiwoyinta suka bugi siminti, ta kai yatsu goshi, ƙirji, kafaɗa da kafaɗa irin na Katolika, ta ɗaga kai ta ce "Amin" da muryar da ta kai taga. Mai Agogo ya sandare. Farantin ya karkata. Ganin zai janye, ta kai hannu ta ɗauki gutsuren gurasa ta jefa a baki. Mai ɗauke da kofuna yana biye, bai san abin da ake ciki ba, ta zari ɗaya ta kora.

Shugaba ya dubi Fasto, Fasto ya dubi silin. Gwaggo ba ta ga ko ɗaya ba. Idonta a rufe yake, hawaye na bin kumatunta, tana tauna a hankali da haƙoranta bakwai abin da bai kai a tauna ba. Gurasar ta kwana, lemon ya yi ɗumi. Ba ta taɓa cin abin da ya kai shi ba. Sai da mata biyu suka kama ta kafin gwiwoyin su yarda su miƙe.

Motar Shugaba ba ta gama fita daga harabar ba dattawa suka shiga ofis. Ba su daɗe ba. Mai Agogo ya fito ya same ta a inuwa, autarta na yi mata fifita.

"Gwaggo, dattawa sun zauna. Saboda abin da kika yi a gaban baƙo, an mayar da ke horo. Sai kin tuba."

"To."

"To kawai?"

"Ku mayar, Dattijo. Na riga na haɗiye."

Ya tsaya yana juya ƙunshin ƙyallayen jibi da ke hannunsa, ya rasa ta inda zai fara. Ta miƙa hannu.

"Kawo nan, kafin matarka ta gani."